Datti Mai Tiyo Ɗaya da Akwatin Faifai

Duk wanda ya taɓa bi ta bakin kanal ɗin da ya ratsa gonakinmu, tsakanin Kura da Bunkure, ya ga Datti ko bai san shi ne ba. Dogo ne siriri, wandonsa a naɗe har gwiwa ko da ranar Juma'a ce, yana tafe yana leƙa bakin kowace gona kamar wanda ya yar da allura. Ni kuwa Ɗanbaba ne, mai gyaran injin ban-ruwa, kuma taubashinsa, don uwata ƙanwar ubansa ce. Saboda haka duk abin da zan faɗa a kansa ina da iznin faɗa. Wanda abin bai yi wa daɗi ba, ga kanal nan, ya je ya sha ruwa ya huce.

Aikin Datti rabon ruwa. Ruwan yana tasowa daga Tiga, ya biyo babban kanal, ya rarrabu a ƙanana, kowane manomi ya sa lanƙwasasshen tiyo ya zuƙo shi zuwa fangalinsa, wato ɗan gurbin da ya yi shuka a ciki. Ƙungiyar manoman yankinmu ta ɗora Datti a kan tsare doka, dokar kuwa guda ce tak: mutum ɗaya, tiyo ɗaya, shi ma sai ranarka ta zagayo. Ya fi shekara ashirin yana wannan aiki, kuma ban taɓa jin ya ɗaga wa kowa ƙafa ba. In ya kama ka da tiyo biyu, ba zai zage ka ba, ba zai ɗaga murya ba. Sai ya zare na biyun ya je ya rataye shi a reshen darbejiyar da ke bakin hanya, kowa ya wuce ya gani ya gane mai shi. Ya rataye na ladan. Ya rataye na ƙanin dagaci. Nawa ma ya rataye, sau biyu, ɗan banzan bawan nan, alhali ni nake gyara masa injinsa kyauta.

Har na matarsa sai da ya rataye.

Kulu sunanta, Allah ya jiƙanta. Ta gaji wani ɗan fili daga mahaifinta can ƙarshen layi, inda ruwa ke isa a gajiye bayan kowa ya sha. Da ta aurar da 'ya'yanta ta manyanta, sai ta ce ita za ta noma albasarta da kanta, ba ta neman taimakon kowa. Wata safiya Datti yana zagayensa ya iske ta a tsugune, tiyo biyu suna kwarara a fangalinta, ta ɗaura wa kowanne jan ƙyalle don kada a sace. Ina nan kusa ina kwance wani inji, da kunnena na ji.

Ta ce, "Malam, ka dubi ruwan nan fa. Kafin ya iso nan duk ƙarfinsa ya ƙare. Tiyo ɗaya ba ya cika fangalin ƙarshe."

Ya ce, "Doka ba ta san farko ba, ba ta san ƙarshe ba."

Ya zare ɗaya, ya tafi da shi darbejiya, jan ƙyallen yana lilo. Gari ya ɗauka. Ita kuwa sai ta rama a tukunya, mako guda cur yana cin tuwo da miya lami, yana zuwa gidana da yamma wai ya zo gaishe ni, idonsa yana kan kwanona.

A ranin dubu biyu da biyar wasu masu binciken noma daga wajen Kadawa suka zagayo gonakinmu, da wata mata a cikinsu mai kyamara. A shekarar albasar Kulu ta yi kyau na ban mamaki. Datti, da yake shi ne mai gida kuma shi ne mai baki, ya tumɓuke mafi girma ya ɗaga sama, matar ta yi ta ɗaukar hoto. Da damina ta zagayo Kulu ta kwanta zazzaɓi, kwana huɗu Allah ya karɓi abarsa. Bayan kamar shekara guda malamin gona ya kawo wa Datti wani faifai a cikin farar takarda, ya ce matar nan ce ta aiko, hotunan ranar ne a ciki.

Daga nan albasar ta fara girma. Da farko Datti yakan ce ta kai gwanda. Shekara ta zagayo ta kai kan jariri. Kafin ka ce kwabo ta kai ƙwaryar fura, har sai da aka kama masa ya ɗaga. A majalisarmu ta gindin mangwaro akwai Tambaya, dillalin tumatir, wanda Allah ya yi wa baki kamar reza. Duk ranar da Datti ya fara, sai Tambaya ya ce, "Malam Datti, gani ya kori ji. Ba ka ce tana cikin faifai ba? A buɗe mana mu ga wannan albasa da za a yi wa ɗaki." Datti ya ce za a buɗe, in Allah ya so, kuma ranar Tambaya zai nemi ramin ɓuya.

Haka gari ya ɗauka, wai rigimar albasa ce. Ni kaɗai na san ba a nan gizo ke saƙar ba. Wata rana na goyo shi a babur daga Bunkure, muna cikin tafiya ya ce daga bayana, a hankali, kamar ba da ni yake ba, "Ɗanbaba, fuskarta tana ɓace mini." Na rage gudu. Ya ce in ya rufe ido yana jin muryarta sarai, yana ganin zanenta, yana ganin hannunta, amma fuskar sai ta ƙi tsayawa. Kulu ba ta taɓa ɗaukar hoto ba, ko na katin shaida. Amma ya tuna ranar masu binciken tana tsaye a bayansa. In akwai fuskar Kulu a duniyar nan, to tana cikin faifan. Ya ce in na faɗa wa wani, sai ya rataye ni a darbejiya. Wallahi tausayinsa ya kama ni, har na rasa tsiyar da zan yi masa, abin da bai taɓa faruwa da ni ba.

Farkon inda muka kai faifan gidan kallo ne. Na'urar ta haɗiye shi, ta yi tunani, ta tofo shi. Mai gidan ya ce wannan ba fim ba ne, na kwamfuta ne. Muka nufi Kura wajen Ibrahimu, mai shagon buga takardu, wanda yake da wata kwamfutar tebur ta gwanjo, fara ce da can amma ta koma ruwan ƙasa. Ta buɗe baki, aka sa mata, ta yi gurnani, shiru. Ibrahimu ya juya faifan ya duba, ya ce ai faifai iri biyu ne, akwai sidi akwai dibidi, a ido kamarsu ɗaya, amma tasa tsohuwa ce, sidi kawai ta sani. Namu kuwa dibidi ne.

Datti ya ce, "Wato ita ma tana da wanda take gaisawa da shi da wanda ba ta gaisawa?"

Ibrahimu ya ce haka ne.

Muka dawo gari wajen Malam Abdulrauf, hedimasta, wanda bai daɗe da sayo sabuwar kwamfuta 'yar ƙarama ba, wadda ba ta wuce girman littafin rajista ba. Ya saka mata riga, yana ɗauke da ita a hammata, ko ƙuda bai yarda ya sauka a kanta ba. Ya ce tasa ta zamani ce, babu abin da ba ta sani ba. Muka miƙa masa faifai. Ya juya ta dama, ya juya ta hagu, ya kifa ta, ya danna duk abin da ke dannuwa. Babu ƙofa. Kai jama'a! Tsohuwa tana da baki ba ta da ilimi, sabuwa tana da ilimi ba ta da baki. Hedimasta ya share gumi ya ce ya ji ana sayar da wani ɗan akwati a birni, ana jona shi da waya, shi ne yake zame wa irin tasa baki.

Na ce wa Datti mu huta da wahala, mu ɗauki faifan mu je Kano, kwamfuta tana nan birjik, a buɗe mana mu gani mu dawo. Ya dube ni kamar na zagi iyayensa. Ya ce, "Da ranta ban kai ta kasuwar birni ba, sai yanzu zan kai ta a buɗe fuskarta gaban 'yan tireda?" Saboda haka ranar da muka tafi, faifan yana gida cikin akwatin ƙarfe, a naɗe da tsohon rawani. Ya sayar da buhun alkama biyu, muka shiga mota.

Mai shagon da muka samu a birni ya fito da abin. Ɗan baƙin akwati ne, faɗinsa kamar tafin hannu biyu. Su suna ce masa estanal, mu muka sa masa akwatin faifai. Ya sunkuya bayan teburinsa ya jona, ba mu ga abin da ya yi ba, ya sa nasa faifan, sai ga hoto ya fito garau. Ya ce wannan sidi da dibidi duk yana ci, kuma kowace kwamfuta yana shiga. Datti ya tambaya ina wayar da ake sawa a bango. Ya ce ba ya buƙata, daga jikin kwamfutar yake shan wutarsa. Wannan magana ta tsaya wa Datti a rai. A mota yana ta maimaitawa, wai abu ya zo baƙunta kuma ya sha daga randar masu gida.

Sai da muka dawo muka buɗe kwali sannan muka lura da wayar. Gindinta ɗaya, mai shiga jikin akwatin, amma can gaba ta rabu biyu, kai biyu iri ɗaya sak, sai dai wayar ɗayan ta fi kauri. Datti ya riƙe su yana dubawa, ya ce, "Ɗanbaba, kai ne makanike. Me ya sa biyu?"

To, nan ne fa. Da na ce ban sani ba, da an huta. Amma mutum shekara talatin yana kwance inji yana ɗaurawa, a tambaye shi abu gaban taubashinsa ya ce bai sani ba? Na gyara murya na ce ai wannan a fili yake. Duk injin kirki da ka saya yana zuwa da safaya, wato abin canji, fulogi ne ko bel. Ɗaya na aiki, ɗaya na ko-ta-kwana. Datti ya gyaɗa kai, ransa ya yi fari, don maganar ta zo daidai da addininsa. Ya ce dama shi ba zai yarda a zura wa kwamfutar mutane kai biyu ba, a sha musu wuta kashi biyu, ai zalunci ne. Na yanko robar tsohon tib, na lanƙwasa siririn kan, na naɗe shi a jikin wayar tsaf, na ɗaure. In ka gani sai ka rantse daga kamfani haka ya zo, wani ɗan ƙullutu baƙi a tsakiyar waya. Ina alfahari da aikin hannuna, ko a wannan ranar ma na yi.

Muka koma wajen hedimasta. Aka zura kan mai kauri a ɗan ramin da ke gefen kwamfutar. Fitilar akwatin ta kama, faifai ya fara juyawa, wiii, Datti ya miƙe tsaye. Sai ƙat, ƙat, ƙat, fitila ta lumshe. Ta sake kamawa, wiii, ƙat, ƙat, ƙat. Kamar injin da iska ta shiga. Na ce a ba ni wuri. Na zare kan na hura masa iska, na hura wa ramin, na goge da bakin riga, na ɗan bubbuga akwatin yadda nake yi wa kafireto. Hedimasta ya kusa suma. Aka sake, ƙat, ƙat, ƙat. Ya ce shi dai tasa lafiyarta ƙalau, sai dai in akwatin ne jabu.

Ranar kasuwa muka kai wa Ibrahimu. Ya zura a ramin gaba, ƙat ƙat ɗin dai. Ya ce bari ya gwada na baya, wani lokaci ya fi ƙarfi. Ya ja kwamfutar, ya kore ƙadangaren da ke kwana a wurin, ya zura. Faifai ya juya, ya juya, bai tsaya ba. Sai ga wani ɗan rubutu a allon. Ibrahimu ya karanta, Kadawa dubu biyu da biyar. Datti ya kama hannuna ya matse har sai da na ji ƙashi. Ya ce wa mutum biyun da ke jiran takardunsu su ɗan ba mu wuri, suka fita suna gunaguni. Ibrahimu ya danna don hotuna su buɗe, faifan ya ƙara gudu, sai ƙat, rubutu ya ɓace. Sau biyar muna yi. Duk lokacin da aka zo bakin ƙofa sai abin ya faɗi. Ibrahimu ya shafa ƙullutun robar nan ya ce wannan fa? Na ce masa kamfani ne, kada ya taɓa. Ka ji mutum. Da na yi shiru a nan, da yaron mutane ya gano mana.

A hanya, da muka wuce masu casar shinkafa, Datti ya taɓa kafaɗata. Sannan ya ce ya gane. Kan farko ya gaji, ranarsa ta wuce, yanzu ranar na biyu ce. Karɓa-karɓa, yadda ake yi wa ruwa. Na ce wallahi haka ne, har ina jin haushin ban riga shi faɗa ba. Muka kwance siririn, muka naɗe mai kaurin a madadinsa da robar nan dai. Wajen hedimasta kuwa fitilar akwatin ta kama, ta tsaya kyam ba ta lumshewa, muka yi hamdala. Amma kwamfutar ko gezau. Ba ta ma san an yi baƙo ba. Hedimasta ya leƙa nan, ya leƙa can, ya ce babu komai. Ashe siririn wuta kawai yake ɗauka, ba ya kai saƙo. Wannan sai daga baya na sani.

Wata biyu muna wannan safa da marwa. Mun je wajen wani akawu a Madobi, mun je wajen surukin ladan a Dawakin Kudu. Wata kwamfutar ta juya faifan ta ajiye, wata ta ƙi ko kallonsa. Tambaya kuwa ya samu abin yi. In ya hango mu a babur da kwali a cinyar Datti, sai ya ɗaga murya, "A'a, masu albasa! Har yanzu ba ta fito ba? Ko girmanta ne ya toshe ƙofar?" Majalisa ta kwashe da dariya. Datti yakan mayar masa, amma ni da ke goye da shi na san mutumin yana ramewa. Wata rana ya ce mini ko dai alhakin tiyon Kulu ne. Na ce ya bar wannan magana, amma raina ya ɓaci ƙwarai.

Abin ya warware ne ran wata Talata, a ƙarshen layi, a filin Kulu, wanda Datti ya ci gaba da nomawa bayan rasuwarta. Ranarsa ce ta ruwa. Na je kai masa wani bel, na iske shi a tsugune tun hantsi, tiyo ɗaya yana tsiyaya kamar hawaye. Ruwan ya shiga fangali, ya yi taku uku, ƙasa ta shanye. Ya sake tahowa, ya kai rabi, ya tsaya. Albasar can ƙarshen fangalin ta sunkuyar da kai. Na ce masa cikin tsokana, "Ka ga ruwanka ma ƙat ƙat yake yi."

Bai yi dariya ba. Ya dubi ruwan, ya dubi tiyon, ya daɗe. Sai ya ce, da wata irin murya, "Tiyo ɗaya ba ya cika fangalin ƙarshe."

Na ce, "Me?"

Ya miƙe ya ce, "Tashi, makaniken banza. Kan wayar nan na biyu ba safaya ba ne. Yunwa akwatin faifan yake ji. Biyun ake sawa tare!"

Ya bar ruwa yana zuba, abin da bai taɓa yi ba, muka hau babur da taɓo a ƙafafunmu. Muka biya gida ya ɗauko kwali da rawani. Ana sallame la'asar muka tare hedimasta a ƙofar masallaci, muka tasa shi gaba har zaurensa. Tsautsayi, Tambaya ya gan mu muna sauri, ya yafuto majalisa kaf, kafin mu zauna zaure ya cika. Datti ya so ya kore su, amma ta yaya? Shekara uku yana cewa ranar za su nemi ramin ɓuya.

Ya sa haƙori ya tsinke robata. Kai biyu suka faɗo suna reto. Hedimasta ya zaro ido ya ce, "Au! Dama biyu ne?" Kowa ya juyo ya dube ni. Na ce a ci gaba da aiki, ba lokacin tone-tone ba ne. Ramukan kwamfutar uku ne, ɗaya a hagu, biyu a dama, kuma ɗaya cikin na daman akwai wayar ɗan ɓeran nan da ake turawa a ciki. Aka zare ɓera, don kan biyu ba za su kai hagu da dama ba. Datti ya riƙe kan biyu, ya dubi hedimasta ya ce, "Malam, zan sha maka wuta kashi biyu. Ka yafe?"

Hedimasta ya ce, "Baba Datti, sha har ta ƙare."

Ya zura mai kauri, ya zura siriri. Fitila ta kama. Wiii. Muna jiran ƙat, ba ta zo ba. Faifan ya ɗauki gudu ya miƙe, sumul, kamar inji sabon gyara. Rubutu ya fito, hedimasta ya danna, ƙananan hotuna suka jeru. Ga kanal, ga tumatir ɗin wani, ga shanun Fulani suna tsallaka gada. Sai ga Datti, ya cika allo, haƙora a waje, ya ɗaga albasa sama.

Jama'a, albasa ce mai kyau, ba zan yi mata ƙarya ba. Ta kai babban lemo. In an matsa, a ce ƙaramar gwanda.

Zaure ya fashe. Tambaya ya faɗi ƙasa yana riƙe ciki yana cewa, "Ina ƙwaryar? Ina waɗanda suka kama maka? Ko ta rame ne a cikin faifai?" Wani kuma ya matso ya nuna gefen hoton ya ce, "Ku tsaya, ku tsaya! Mene ne wancan a bakin fangali?" Aka duba. Tiyo biyu ne, kowanne da jan ƙyalle, suna kwarara abinsu a bayan mai rabon ruwa, shi kuwa yana ta washe baki. Ashe baiwar Allah ta sayi wani ta mayar, duk ranin nan da biyu ta yi ban-ruwa, shi ya sa albasar ta yi kyau. Dariyar da aka yi a nan har mata suka leƙo ta katanga. Ladan yana share hawaye yana cewa a kai hoton darbejiya a rataye.

Ni ma na dara, ba zan ɓoye ba. Sai na waiwaya na ga Datti ba ya tare da mu. Ya durƙusa gaban kwamfutar, fuskarsa dab da allo. Hedimasta ya riga ya matsa zuwa hoto na gaba, kuma a wannan mai kyamarar ta karkata. Albasa da mai ita sun koma gefe. Kulu ce a tsakiya, ta riƙe ƙugu, mayafinta ya zame kaɗan, tana kallon mijinta tana dariya, irin dariyar wanda ya san abin da kai ba ka sani ba.

Dariyar zauren ta mutu da kaɗan-kaɗan. Tambaya ya tashi zaune ya cire hularsa, ya rasa inda zai sa ido. Ya ce, "Allah ya jiƙan Kulu." Aka amsa da amin. Ɗaya bayan ɗaya suka zame suka fita, ba wanda ya ce musu su tafi.

Datti ya kai yatsa kusa da allon bai taɓa ba. Ya ce, "Ɗanbaba, ka ga wushiryarta. Wallahi na manta tana da wushirya." Hawaye yana bin gemunsa, bai share ba. Ni ma na juya ina duban bango, wai ina karanta kalandar hedimasta.

Daga baya Ibrahimu ya wanke masa hoton a takarda, yana nan a ɗakinsa har yau. A taron ƙungiya na gaba Datti da bakinsa ya kawo shawara a bar wa gonakin ƙarshen layi tiyo biyu, aka amince, ni kuma har gobe in na wuce majalisa sai wani ya tambaye ni ko ina da safaya. Albasar ma ta daina girma.

Amma a ranar mun daɗe a zauren. Rana ta yi sanyi, kwamfutar ta fara kuka tana nuna batirinta ya kusa ƙarewa. Hedimasta ya ce a hankali ko a zare kai ɗaya, wataƙila wutar ta ƙara jimawa. Ya miƙa hannu. Datti ya riƙe masa wuyan hannu, idonsa bai bar allon ba.

Ya ce, "A'a, Malam. Na taɓa zare mata ɗaya. Bar mata biyun."